Gawar da Na Wanke Sau Biyu

Kafur na fita saye. Ana gab da magariba na zazzage jakar aikina, na tarar kwalbar ta ƙare, ganyen magarya ma saura ɗan guntu a leda. Irin aikina ba ya sallama kafin ya zo, don haka na zura hijabi na nufi kantin bakin titi.

Shekara goma sha tara ke nan ina wankan gawar mata a unguwarmu. Goggona ce ta koya min, ita kuma ta koya a wajen kakarta. Idan aka yi rasuwa, maza su tafi haƙa kabari da neman liman, ni kuwa a turo a kira ni. Ni zan faɗi yadi nawa za a yanko na likkafani, ni zan sa a ɗora ruwa, ni zan zaɓi mutum biyu da za su taya ni juya mamaciya. Sauran duk in kore su waje, ko da uwa ce. Mutane suna girmama ni saboda wannan. Har tsofaffin da suka haife ni Inna suke ce min.

Amma a yammacin nan, wata huɗu ke nan ba na iya haɗa ido da mutane sosai, kuma gara in faɗi dalili tun yanzu.

Akwai wata mata a layinmu, mai saƙa muke ce mata, don hulunan jarirai da safa take saƙawa tana sayarwa. Mijinta ya rasu shekara huɗu, ba ta sake aure ba. 'Yarta ɗaya, malama ce a makarantar yara, har an sa ranar aurenta. Da mai saƙa ta rasu ni aka kira. Ina cikin wanka, hannuna yana ƙarƙashin zanen rufi, sai na ji cikinta a tashe, da tauri, kamar na mai wata shida. Wadda take zuba min ruwa tsohuwa ce mai raunin ido, ba ta lura ba. Na ƙarasa aikina, na naɗe ta, na ɗaure, maza suka ɗauka a makara.

Da na tsaya a nan, da ba ni da labarin ba ku.

Rana ta uku muna dawowa daga zaman makoki da matar ƙanina, ta ce, “Yaya, wai me ya kashe matar nan? Kullum cikin ƙaton hijabi, ko gidan suna ta daina zuwa.”

Ban ce ciki ne ba. Na daɗe ina kare kaina da wannan. Cewa na yi, “Ni dai hannuna ya taɓa abin da ya taɓa. Bazawara da tudu a gaba, Allah dai ya rufa asiri.”

Na ga yadda idonta ya buɗe. Kuma na ji daɗi. Wannan ne abin da ya fi ci min rai har yau: na ji daɗi.

Kafin sati maganar ta kai famfo, ta kai wajen niƙa, ta shiga gidajen da ban taɓa takawa ba. Aka fara lissafa maza. Wasu suka ce mai gidan hayar ne, wasu suka ce mai kanti, tunda wajensa take sayen zare. Dangin mijin da malama za ta aura suka aiko cewa a dakata tukuna. Dakatawar da ba a sake tayar da ita ba.

Sai wata rana wata ma'aikaciyar jinya da ke bayan layinmu ta tare ni a hanya. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta ce, “Inna, ƙari ne a cikinta. Shekara guda ina raka ta asibiti. Ɓoye wa 'yarta ta yi don kada a fasa shirin biki a koma jinya. Na yi ta faɗa wa mutane, sun ce ai mai wanka ta fi ni sani.”

Na ce, “Allah sarki.” Iyakar abin da na ce ke nan. Ban je na gyara ba. In na hango malama tafe sai in shige lungu.

To, a haka na isa kantin a yammacin nan. Mai kanti ya miƙo min kafur ɗin ba tare da ya ɗago kai ba.

“An yi rasuwa ne?” ya tambaya.

“A'a, tanadi ne kawai.”

“To. Wadda za a yi wa amfani da shi, Allah ya sa ta samu sutura.”

Na karɓa na juya, kunnuwana suna zafi. Maimakon in bi titi inda maza suka fara shimfiɗa tabarmin salla, sai na yanke ta lungun bayan makaranta. Dogon lungu ne, katanga hagu, katanga dama, kwata a tsakiya. Rana ta faɗi, amma duhu bai gama sauka ba.

A tsakiyar lungun na ga mace a tsaye.

Doguwa ce, ta ja mayafi har ya rufe mata fuska. Ba ta jingina da komai ba, ba ta kallon ko'ina. Na yi mata sallama. Ba ta amsa ba.

“Ke ce mai wanka?” Muryarta can ƙasa, kamar mai magana a ɗakin mara lafiya.

“Ni ce.”

“Muna da gawa.”

Na yi salati, na yi mata ta'aziyya. Na ce tunda dare ya kawo kai, ai sai da safe za a kai ta, in Allah ya kai mu zan zo bayan asuba.

“Ba za ta jira ba. Ta daɗe tana jira.”

“An yanko likkafani?”

“Akwai.”

“Kabari fa? Maza sun tafi?”

“An haƙa tuntuni.”

Ban taɓa ƙin amsa kiran gawa ba. Kuma in faɗi gaskiya, tun maganar mai saƙa kiran ya ragu, wasu gidajen sun koma ɗauko mai wanka daga wata unguwa. Raina ya so a ce har yanzu ana nemana. Na ce mu je.

Ta shige gaba. Muka yi kwana, muka sake yin kwana. A unguwar nan aka haife ni, amma ban gane katangun ba. Ƙarar injin niƙa da nake ji ɗazu ta ɗauke. Babu kukan yara, babu rediyo. Takalmina kaɗai nake ji, fat, fat, fat. Nata ba ya ƙara.

Muka tsaya a wata ƙofar langalanga. Gidan rasuwa ne wai, amma ba namiji ko ɗaya a waje. Ba tabarma, ba buta, ba makara a jingine.

“Ina mazan?”

“Suna inda suke. Shigo.”

Tsakar gidan a share yake tas. Ɗaki ɗaya ne a buɗe, da hasken fitilar kwai a ciki. Na cire takalmina a bakin ƙofa. Nawa ne kaɗai a wurin. Na ɗauka ba kowa.

Ɗakin cike yake da mata.

Sun jeru a jikin bango, a durƙushe, gwiwa na gogar gwiwa, kowacce ta rufe fuska. Sun fi ashirin. Ba mai kuka. Ba mai jan carbi. Ɗaki mai mutum ashirin ya kamata ya yi ɗumi, ya yi warin jiki. Wannan sanyi ne da shi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin ta ramin da aka haƙa yanzu.

A tsakiya ga gawar a kan katako, an lulluɓe ta da zane. Ga bokiti biyu, ga kofi, ga tsumman naɗe hannu. Komai an jera shi daidai yadda nake jerawa da kaina.

Na gyara murya. “Bayin Allah, a ba mu wuri. Mutum biyu sun isa. Ba a taruwa a kan gawa.”

Ba wadda ta motsa.

Doguwar ta ce, “Ai an riga an taru a kanta. A famfo. A wajen niƙa.”

Na juya in dubi ƙofa. A rufe take, ban kuma ji lokacin da aka rufe ba.

“Fara,” ta ce.

Na naɗe hannuna da tsumma. Na yi bisimilla, amma ban ji ta fito ba, leɓɓana ne kawai suka motsa. Doguwar ta ɗebo ruwa ta zuba. Ruwan ya sauka a kan katako, ya gangara ƙasa. Bai yi ƙara ba.

Na zura hannu ƙarƙashin zanen.

Kafaɗa. Haƙarƙari. Na gangara.

Tudu. Mai tauri.

Hannuna ya san shi kafin kaina ya sani.

Na janye da sauri har na ture kofin. Doguwar ta kama gefen zanen ta wajen kai, ta ɗage a hankali.

Mai saƙa ce.

Ba ta canja ba. Wata huɗu a ƙasa, amma kamar ɗazu na rufe mata ido. Ga ƙyallen da na ɗaure mata haɓa da shi, ga ƙullin a gefen kunnen hagu, irin ƙullina. Akwai ƙasa a gashin girarta.

“Wancan karon da hannu kika gani,” in ji doguwar. “Yau ki duba da ido. Sai ki ba mu labari.”

Sai matan bango suka fara raɗa.

Da farko kamar iska a cikin busasshen ganye. Sannan na fara tsintar kalmomi.

“Wata nawa ne?”

“Na wane ne?”

“Ke dai bari, masu ƙaton hijabin nan.”

Na san muryoyin. Ta matar ƙanina ce. Ta mai kitso ce. Ta matar mai gidan haya ce, har da 'yar dariyar nan tata ta hanci. Suna fitowa daga ƙarƙashin mayafan da ba sa motsi.

Sai daga kusurwa, a hankali, wata ta ce, “Ni dai hannuna ya taɓa abin da ya taɓa.”

Muryata ce.

Da daɗin da na ji a ranar, duk yana ciki.

Zanen ya fara zamewa.

Ba wadda ta taɓa shi. Yana ja da kansa ta wajen ƙafa, kaɗan kaɗan. Wuyanta ya fito. Kafaɗunta suka fito.

Matan suka miƙo wuya. Dukansu, lokaci ɗaya. Wuyan ya fi na mutane tsawo.

Na cafke zanen na mayar. Ya zame daga hannuna kamar jiƙaƙƙen sabulu. Na sake kamawa da hannu biyu. Ya tafi.

“Ku bari!” Wannan karon muryata ta fito. “Ku ji tsoron Allah, mace ce! Uwar wani ce!”

“Yau kika sani?”

Zanen ya faɗi ƙasa, ya shige ƙarƙashin katakon kamar abu mai rai.

Ban yi tunani ba. Na fizge hijabina na shimfiɗa mata. Bai kai ƙafa ba. Na tuɓe ɗankwalina na rufe sawayenta. Na kifa a kanta, na baje hannuwa na danne gefe da gefe. Sanyinta ya ratsa rigata.

“Ciwo ne,” na ce. “Ƙari ne. Ba ta yi komai ba. Ni ce. Ni na yi mata ƙazafi.”

Raɗar ta tsaya cak.

Sai na ji motsi a ƙarƙashina.

Hannunta ne. Ya fito a hankali daga gefen hijabin. Yatsun nan masu kanta saboda ƙugiyar saƙa. Suka lalubi bakin hijabin, suka kama, suka ja shi sama har ya rufe fuskar. Kamar mai barci da ta ji sanyi.

Doguwar ta sunkuyo. Numfashinta ba ɗumi.

“Mu mun sani,” ta raɗa min a kunne. “Maƙwabtanta ne mu. Shekara ashirin ba ta taɓa watsa mana ruwan zafi ba. Muna jin nishinta in ta toshe baki da filo don kada yarinyar ta ji. Ba mu za ki faɗa wa ba.”

Daga bango wata ta ce, “Ruwa ya ragu.”

Wata ta ce, “A wanke ta ita ma.”

“A duba ta.”

“A duba ta da kyau.”

Hannu ya kama idon sawuna. Wani ya kama ɗayan. Wasu yatsu masu tsawo suka fara laluben ƙullin zanina.

Ruwa ya sauka a tsakiyar kaina. Sanyi kamar ƙanƙara. Ƙanshin kafur.

Sai can, nesa, kamar daga ƙasan rijiya, lasifika ta yi ƙara.

Allahu akbar.

Hannayen suka sassauta.

Na fizge. Na taka wani abu mai laushi, ban duba ba. Na daki ƙofa da kafaɗa. Ta ƙi. Na sake duka. Ta buɗe, na faɗa waje da gwiwa, na tashi, na ruga. Ƙaya, gwangwani, fasasshen bulo. Ban tsaya ba sai da na ga hasken kwan lantarki.

A ƙofar masallacin layinmu na tsinci kaina. Bayana kuwa kangon nan ne da ke manne da gidan da mai saƙa ta zauna, wanda ba rufi, ba ƙofa, sai ciyawa da shara. Na shiga lungun ana shirin magariba. Wannan kiran na isha'i ne.

Maza sun cika wurin suna alwala. Suka ɗago gaba ɗaya.

Mace mai shekara hamsin da ɗaya, kai ba ɗankwali, furfura a waje, ba takalmi, riga a jiƙe ta manne a jiki, hannu ɗaya riƙe da zanen da ya kusa kwancewa. Akwai surukina a cikinsu. Akwai yaran da aka haifa a gabana. Na durƙusa na rufe kaina da hannu, na so ƙasa ta tsage.

Wani ya taso da sauri. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa min, fuskarsa na kallon bango.

“Kowa ya juya,” ya ce. “Ba ku ga komai ba.”

Mai kanti ne.

Kwana uku na yi ina zazzaɓi. Ƙanina ya kawo masu addu'a, matarsa tana ta tambayata me na gani. Rana ta huɗu na tashi na ce ta raka ni famfo. Na tsaya a gaban mata na faɗi abin da na yi, da bakina, ba kwana-kwana. Na je wajen niƙa na maimaita. Na bi gida gida. Na je wajen dangin saurayin nan, uwar ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ai ya riga ya nemi wata. Abin da na lura shi ne, ranar da na yi ƙaryar, mutum ɗaya na faɗa wa, amma ta isa ko'ina. Gaskiyar kuwa sai da na ɗauke ta da ƙafata, kuma ko'ina na kai ta sai a ce “Allah sarki”, a ci gaba da abin da ake yi.

Gidan malama na bari ƙarshe. Sau biyu ina zuwa ƙofar ina komawa. Na uku na yi sallama.

Tana zaune tana duba littattafan yara da jan biro. Na ƙi hawa kujerar da ta nuna min, na zauna a ƙasa. Na faɗa mata duka, har abin da ya faru a kango. Da na zo wajen filon da uwarta take toshe baki da shi, sai ta ajiye biron. Ta daɗe tana kallon gadon da ke kusurwa.

“Na ɗauka tari ne,” ta ce.

Na ce ta yafe min. Na ce in ta ga dama ta zage ni, ta tara mutane ta tsinka ni, na cancanta.

“Ba zan ce na yafe ba, Inna. In na faɗa yau ƙarya na yi.”

“Na sani, 'yata.”

“Har yanzu kina wankan?”

“Na bari. Ba ni da fuskar shiga ɗakin gawa.”

“To wa zai yi? A bar matan unguwa a hannun wa?” Ta share ido da bayan hannu. “Ki koya min.”

Na ɗago na dube ta.

“Duk inda aka kira ki, ki biyo ki tafi da ni. Zan zuba miki ruwa har in iya.”

Shekara biyu ke nan muna shiga tare. Hannunta ya fi nawa taushi, kuma ba ta taɓa bari zane ya zame ko da faɗin yatsa. A hanya ba ma hira. Ba ta ce ta yafe ba har yau, ni kuma ban sake tambaya ba.

Sau ɗaya dai, mun fito daga wani gida muna wanke hannu a bakin rariya, na kasa daurewa na ce, “Malama, me ya sa kika zaɓi wannan aikin? A hannuna kuma?”

Ta miƙo min sabulun.

“Saboda ranar taki, Inna, ni zan wanke ki,” ta ce. “Kuma duk abin da na gani, ba wanda zai ji.”